Jajayen Ɗigo a Rufin Motar Tsani

Ni tela ne, kuma gajere ne ni. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin ɓarnar da na yi wa motar abokina Tsani bayan rasuwarsa daga abu biyun nan ta fito, sana'ata da tsawona.

Tsani ba shi ne sunansa na gaskiya ba. Mu muka laƙaba masa tun muna yara, saboda in ƙwallo ta maƙale a kan rufi ba a neman abin hawa, shi ake nema. Shi kuma ya rama ya sa mini Guntu, sunan ya bi ni har furfura. In muna tafiya tare mutane kan ce ga Tsani can ya fito da jakarsa. Ban taɓa jin haushi ba, don ni ne mai baki a cikinmu. Shi dariya kawai ya iya, irin wadda ba ta da sauti, sai dai ka ga kafaɗu suna motsi.

Tare muka bar makaranta, ba korarmu aka yi ba, malamai ne suka gaji, mu ma muka gaji. Ni aka kai ni koyon ɗinki, shi ya tafi tasha. Ya wanke motoci, ya yi lodi, ya ja motocin mutane shekara da shekaru, yana naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin sitiyari kamar mai ninke tabarma. Sai da ya yi aure aka haifi babbar 'yarsa sannan ya mallaki tasa, wata ƙaramar bas wadda tun ranar da ya saye ta tsohuwa ce, fara a idon masu kyautata zato. Ya cire kujerun baya, ya jera katako, ya shiga rarraba burodi daga gidan burodin unguwarmu zuwa shaguna. Wannan aikin ya riƙe har ƙarshen ransa. Da shi ya ciyar da gida, da shi ya sa yara makaranta, kuma ban taɓa jin wani mai shago ya ce burodinsa ya zo a jiƙe ko a matse ba.

Ranar da matata ta tashi haihuwar ɗanmu na fari, a motar nan ya kai mu asibiti, cike take da burodi mai zafi. Ungozoma ta ce ba ta taɓa karɓar mai naƙuda da ke ƙamshi haka ba. Lokacin da idona ya fara rauni, kafin in yarda in sayi tabarau, kullum da safe sai ya zauna ya zura mini zare a allurai da manyan yatsun nan nasa, ya jera mini su a matashi, bai taɓa cewa na tsufa ba. Babbar 'yar tasa kuwa tun tana ƙarama take zama a gefensa tana kwaikwayon murza sitiyari, shi ya sa yake kiranta Direba. Da ta girma ya koya mata tuƙi a wani fili bayan gari. Tsawonsa ta ɗauko, da rashin surutunsa.

Lungun gidansu ba ya cin mota, don haka a gaban shagona take kwana. Daga kan keken ɗinkina na san motar nan kamar yadda na san aljihuna. Na san loɓawar da ke ƙofar baya, na san fitilar da aka ɗaure da waya. Abin da ban taɓa gani ba shi ne rufinta. In na tsaya a gefenta goshina a gilashi yake tsayawa. In kuma ina zaune, rumfar shagona ta yanke mini komai daga saman tagogi.

Kullum in Tsani ya dawo daga rabo da hantsi, kafin ya shigo mu sha shayi, sai ya zagaya motar a hankali. Ni daga ƙirjinsa zuwa ƙasa kawai nake gani. Ƙafafu su matsa, su tsaya, su sake matsawa, hannaye suna can sama inda ban san me suke yi ba.

"Ka gaishe ta?" nakan ce masa. "Ta tashi lafiya?"

"Ta fi ka lafiya, Guntu," muryarsa takan sauko daga bayan rumfa.

Wani lokaci ya shigo da ja a ɗan yatsa. Na ɗauka na alamar da yake sa wa akwatunan burodinsa ne, don haka ban tambaya ba. Shekaru ina ganin jan nan a bakin kofina, ban tambaya ba.

Rigimarmu ɗaya ce, kuma ba ta taɓa ƙarewa ba. Ni a tunanina duk abin da mutum yake so sai ya ɗinka masa riga. Kekena yana da riga, rediyona tana da riga, har fankar shago na yi wa hula. Na sha roƙonsa ya bar ni in ɗinka wa motar tata, kyauta, ko zare ba zai saya ba.

"Bar ta ta sha iska," yakan ce.

"Ruwa na dukanta, rana na dukanta."

"Ruwan ya zo ya wuce, ranar ta busar. Sha shayinka."

Na ɗauka kara yake yi mini, ba ya so in wahala. Tsani bai iya dogon bayani ba, ni kuma ban iya saurare ba, shi ya sa muka daɗe tare.

Ciwon bai ja lokaci ba. Ya fara zama a inda ya saba tsayawa, ya fara barin shayi a kofi. A asibiti gadon ya yi masa kaɗan, ƙafafunsa suka leƙo ta ƙarshe, na kai masa bargo na biyu don su kaɗai. Ganina da shi na ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Guntu, ka riƙa duba mini saman motar nan."

Na ce, "To." Na so in yi masa wasa cewa ya bar mini ƙafafunsa in hau, amma sai na gyara masa bargon ƙafafun kawai. Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki, mai gidan burodi ya zo gaisuwa. Mutum ne mai maganar kai tsaye, amma ba mugu ba ne. Ya gaya wa matar Tsani cewa zai ba wani direba riƙon layin rabon na ɗan lokaci, har Direba ta samo lasisin jan motar haya. In ta samo, layin ubanta nata ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa: motar kada ta yi yoyo, domin damina ta kusa, shi kuma ba ya sayar da jiƙaƙƙen burodi. In ta yi yoyo, wanda yake riƙo zai zarce. Kowa a ɗakin ya san abin da wannan yake nufi. Ƙannen Direba suna makaranta, uwarsu ba ta da wata sana'a mai ƙarfi, motar nan ita ce tukunyar gidan.

Washegari na tuna wasiyya. Na jawo bencin shago, na ɗora kujera a kai, na hau. Karo na farko ke nan da na ga rufin motar da ta tsufa a ƙofata.

Rufin cike yake da ɗigo-ɗigo, jajaye masu duhu, wasu kamar ƙwayar wake, wasu kamar tafin hannun jariri, tun daga gaba har baya, kamar mai ƙyanda. Na ce a raina, tsatsa. Wato wannan ne abin da bawan Allah yake shafawa kullum yana ɓoye mini, yana ta fama shi kaɗai, ga shi kuma ya bar mini amana. Na yi kuka a kan kujerar nan har ta fara rawa, na sauko don kada in bi shi tun lokacina bai yi ba.

Na ɗauko tsohon almakashi na raba shi biyu, na karɓo sanfefa, takardar guga mai kaushi, wajen kafinta maƙwabcina, na koma sama. Ɗigo bayan ɗigo na bi su ina kankarewa. Wasu sun kama ƙarfen da ƙarfi, har nake mamakin taurin kan wannan tsatsa. Ban bar ko wanne ba sai na ga farin ƙarfe yana ƙyalli.

"Tela, me kake nema a sama?" in ji kafinta.

"Amana nake cikawa."

"Allah ya ba da lada. Riƙe da kyau dai, ba ni da katakon da zai yi maka sabon ƙugu."

Kwanaki na yi a kan aikin nan, ɗinkin mutane yana jira. Tsakiyar rufin ce kawai ta gagare ni. Na miƙa hannu ta dama, na zagayo ta hagu, na ɗaura almakashin a sanda, duk a banza. Wani yanki kamar faɗin faranti ya rage da ɗigoginsa. Na tsine wa gajartata, na ce wannan kuma sai Allah.

Daga nan na yi abin da na daɗe ina buri. Na sayo tamfol mai kauri, irin wanda ko ɗigon ruwa ba ya ratsawa. Na auna motar kamar mai auna ango. Na yi wa rigar shafi da tsohon bargo daga ciki don kada ta goge fenti, na sa roba a gindi ta kama ƙasa tsam, na sa zif a wajen ƙofa, na bi gefuna da baƙin kirtani. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau kamar wannan ba, kuma ba na jin zan sake. Ranar da na gama, na wanke rufin da ruwa da sabulu, tun bai gama tsanewa ba na zura mata rigar don ɗoki. Mutane suka riƙa tsayawa suna kallo. Wani ma ya tambaya ko zan yi wa babur ɗinsa.

Damina ta sauka. Ruwa ya zuba, rana ta fito, ruwa ya sake zuba. In rana ta buɗe bayan ruwa nakan dafa rigar in ji ta da ɗumi kamar cikin mai zazzaɓi, in ce madalla, ko sanyi ba ya shigarta. Direba takan wuce ta gaishe ni a hanyarta ta zuwa neman takardunta. Takan kalli rigar, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce, "Sannu da aiki, Baffa," ta wuce. Ni kuma in ƙara gyara zama.

Wata safiya ta zo da lasisi a hannu, fuskarta a sake karo na farko tun rasuwar. Ta ce mai gidan burodi zai duba motar ƙarshen mako mai zuwa.

"Zo ki ga yadda na ajiye miki ita," na ce.

Na zuge zif. Wani wari ya fito, irin na rigar da aka manta a bokiti. Muka ja rigar, ta ƙi tahowa, bargon ya manne da rufin. Da ta ɓanɓaru sai wani gari mai ruwan ƙasa ya zubo mini a ka. Direba ba ta buƙatar benci. Daga tsaye ta kalli rufin.

Na hau kujerata. Duk inda na kankare ya zama gyambo. Tsatsa ta gaske, mai ɓawo, wadda in ka taɓa take marmashewa, ta ci ta haɗe da 'yar'uwarta. Kusa da magudanar ruwa ta gefe har ta huda, kana hango katakon burodi ta ciki. Wuri ɗaya ne lafiyayye a rufin nan, tsakiyar da hannuna bai kai ba. Jajayen ɗigogin suna nan sumul, ƙarfen da ke kewaye da su ko ƙwarzane babu.

Direba ta buɗe ƙofar direba, ta laluba aljihun ƙofar, ta fito da gwangwanin madara da aka rufe da leda, da guntun sanfefa, da gashin kaza wanda bakinsa ya ƙandare da ja.

"Baffa, ɗigogin da ke gefe, ina suke?"

"Na kankare su. Tsatsa ce."

"Fenti ne, Baffa. Jan da ake fara shafa wa ƙarfe don ya hana tsatsa. Kullum Baba yana shafa rufin da tafin hannu, in ya ji wuri ya yi kaushi sai ya goge ya ɗiga masa wannan."

Na kalli gwangwanin, na kalli rufin. Aikin da mutum ya yi shekaru yana yi da gashin kaza, ni na share shi a 'yan kwanaki da rabin almakashi, ina kuka, ina neman lada.

"Rigar fa?" na tambaya, ko da yake na riga na san amsar.

"Baba ya ce in aka rufe mota ruf, gumi take yi, kuma gumin ba shi da hanyar fita." Ta sunkuyar da kai. "Na so in gaya maka. Na ga irin wahalar da ka sha a ɗinkin, sai na ji nauyi."

Ban san lokacin da na zauna a kan kujerar ba, a can saman benci, kamar wanda aka ɗora don a yi gwanjonsa.

Kafin rana ta take duk 'yan layin shagona suka hallara, kowa da maganinsa. Kafinta ya ce a narka kwalta a shafe rufin, haka ya yi wa kwanon ɗakinsa. Makanike ya ce baƙin mai ya isa, ƙarfen da ya sha mai ba ya tsatsa. Mai shagon waya ya ce akwai wata leda mai manne da ake liƙa wa motoci yanzu, har da zane. Wani mai wucewa, wanda ba wanda ya san shi, ya ce a sayo fenti kawai a mulka a kai, wa zai hau ya gani. Ni ma na yi gyaran murya na ce wataƙila in aka yi wata rigar mai tagogi. Kafinta ya dafa kafaɗata ya ce, "Tela, je ka sha ruwa."

Direba ta ja motar, ni a gefenta, muka tafi wajen mai gyaran jikin mota, wani dattijo da ake kira Mai Guduma, wanda ya san Tsani tun zamanin tasha. Ya hau taya ya leƙa, ya caka wa rufin tsinken ƙarfe nan da can, ya sauko.

"Wane maƙiyi ne ya yi wannan?"

"Amininsa ne," na ce.

Ya dube ni sama da ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba. Direba ta jera masa shawarwarin da aka ba mu, ya bi su yana turewa.

"Kwalta, in rana ta yi zafi ta narke, burodinki ya riƙa warin titi. Baƙin mai, ruwan farko ya wanke shi ya zubo a gilashi. Ledar nan kuwa ƙanwar rigar tela ce, ta rufe tsatsa ta ba ta ɗaki. Fenti a kan tsatsa kuma, kafin wata ya zagayo ya kumbura ya fashe."

"Kamar a yi wa riga aikin wuya bayan asu ya cinye ta," na ce.

"Ashe kana ganewa in aka zo ta wajen tsumma."

Ya ce hanya ɗaya ce. A goge duk tsatsar sai an ga farin ƙarfe. A shafa wani ruwan magani da ke kashe wadda ta ɓuya a ramuka, ta koma baƙa. Inda ya huje a yanko ƙarfe a yi walda, a cike da ɗan abin cikewa a daidaita. Sannan jan fenti a rufin gaba ɗaya, ya bushe, sannan fari a kai, shafi biyu, don ja shi kaɗai yana shan ruwa a hankali. Tsani ya tsira da jan kawai ne saboda kullum yana sabunta shi. Fari kuma ya fi, ba ya tara zafi a kan burodi.

"Matsalar ita ce gugar," ya ce. "Ita ke cin lokaci, ni kuma motoci na jirana. Ba zan gama kafin ƙarshen makon ba, sai in an samu mai gogewa."

Direba ta kalle ni. Mai Guduma ma ya kalle ni.

"Ai ga gwani," ya ce. "An ga aikinsa."

Na rufe shago. Ya ɗora ganga kan ganga a kowane gefen motar ya gitta katako a saman rufin, na kwanta rub da ciki a kai ina guga, ƙafafuna suna lilo. Direba tana yin gefuna daga tsaye. Garin tsatsa ya shiga hancina, ya shiga kunnena, matata ta ce in na dawo gida kamar an tono ni. Yatsun da suka saba da allura suka farfashe. Amma idon tela yana da amfaninsa, musamman da tabarau. Ramin da bai fi kan allura ba sai na gan shi, in kira Mai Guduma, ya zo yana mita ya ce da gaskiyata.

Muna cikin haka na kai tsakiyar rufin. Yanzu hannuna ya isa. Na ɗaga sanfefa, sai na kasa saukewa. A ɗaya daga ɗigogin akwai shatin yatsa, babba, inda Tsani ya danna ya ji ko fentin ya bushe.

"Baffa, bar wannan," in ji Direba a hankali.

Mai Guduma ya ce rufi ba allon tarihi ba ne, in za a yi fari a yi fari. Ta ce ta ji, amma a bar wannan. Ya yi tsaki, ya shiga ciki, ya fito da wani fenti garau kamar ruwa. Ya ce zai kewaye wurin da takarda in ya zo fesa fari, sannan ya rufe ɗigogin da wannan, ana ganinsu amma ruwa ba ya taɓa su. Yana maganar yana kallon wani waje.

Ranar da aka shafa ja hadari ya taso. Garejin Mai Guduma ba shi da rumfar da za ta ci bas, kuma ruwa a kan ɗanyen fenti yana nufin a koma farko, lokaci kuwa babu. Na ruga shago na jawo rigar nan. Na farke ɗinkin da na fi alfahari da shi a duniya, na cire bargon, na cire robar, muka ɗaure tamfol ɗin a kan sanduna, can sama da motar, iska na shiga ta ko'ina. Ruwa ya zuba har ya gaji, ko ɗigo bai taɓa rufin ba.

"Ka ga rigarka ta yi rana," in ji Mai Guduma. "Abin da take so ke nan, a nisanta ta da mota."

Fari ya hau, ya bushe, aka ƙara, ya bushe a daidai gaɓa. Ranar dubawa muka kai motar gidan burodi da hantsi. Mai gidan ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya sa aka jawo tiyon da suke wanke farantai da shi.

"Wani ya shiga ciki ya zauna," ya ce. "In ya ji ɗigo ya faɗi gaskiya."

"Ni zan shiga," na ce. "In akwai wanda ya cancanci a jiƙa, ni ne."

Na shiga baya na zauna tsakanin katakan, aka rufe ƙofa. Ruwa ya fara dukan rufin. Ina bin layin waldar da ido, ina bin kusurwoyi, ina shafa silin da tafin hannu. A bushe. Ruwan ya koma baya, ya dawo gaba, ya tsaya a kan magudanar da ta huje, ya daɗe a nan. A bushe. Motar tana nan da ƙamshinta na burodi, wanda warin bargona bai iya kashewa ba, ga kujerar Tsani an tura ta baya har ƙarshe yadda ƙafafunsa suke so, kuma Direba ba ta buƙaci ta matso da ita ba. Ban san ruwan ya tsaya ba sai da aka buɗe ƙofa.

Mai gidan burodi ya leƙo, ya shafa silin, ya shafa katako, sannan ya kalli fuskata.

"Tela, ya na gan ka a jiƙe? Ta ina ya shigo?"

"Ba ta rufi ba ne," na ce.

Ya juya wajen Direba. "Gobe da sassafe. Kada ki makara, ubanki bai taɓa makara ba."

Tamfol ɗin yana nan a gaban shagona yanzu, a kan sanduna, motar tana kwana a ƙarƙashinsa tana shan iska. Kafinta ya yi mini ɗan tsani mai taka uku, ya ƙi karɓar komai, ya ce ya gaji da kallon kujera a kan benci. Kullum in Direba ta dawo daga rabo sai ta zagaya motar da tafin hannu a kan rufi, ni kuma in bi bayanta da tsanina, ina hawa ina sauka, tana gama zagaye ni ina rabi. Gwangwanin da gashin kazar a hannunta suke. Ni an yarda in duba, in nuna da yatsa, amma an hana ni riƙe duk wani abu mai kaifi.

In na kai daidai tsakiya nakan ɗan tsaya. Daga kan tsanin ina hango jajayen ɗigogin a cikin farin, suna ƙyalli. Hannuna har yau ba ya kaiwa.

"Baffa, shayi zai huce," takan ce.

"Ina zuwa, 'yata. Gaisawa muke yi."